Samfuri ɗaya, rumfuna 176,846: yadda ake gina shafin intanet mai maimaita kansa

Duk wanda ya taɓa shiga shafin duba sakamakon zaɓe na hukumar zaɓen Nijeriya, INEC, wanda aka fi sani da IReV, ya san hanyar da ake bi. Mutum zai zaɓi jiha, daga nan ƙaramar hukuma, sai mazaɓar kansila, sannan rumfar zaɓe. Idan ya zaɓi jihar Kaduna, ya danna Birnin Gwari, sunayen mazaɓu 11 za su jeru a gabansa, ciki har da Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da kuma Tabanni. Da zarar ya danna Tabanni, sai rumfunan mazaɓar su bayyana ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sunanta da lambarta da wurin da aka tanada domin hoton takardar sakamakonta.

Abin lura shi ne, layin da aka ware wa wata rumfa a Tabanni, can cikin yankin dajin Birnin Gwari, bai bambanta da na wata rumfa a tsakiyar birnin Legas ko Fatakwal ba. Tsari ɗaya ne, launi ɗaya, girman rubutu ɗaya. Sunaye da lambobi ne kawai ke sauyawa.

Dalili kuwa shi ne babu wani ma'aikaci da ya zauna ya rubuta wa kowace rumfa layinta. A lokacin babban zaɓen 2023 Nijeriya na da rumfunan zaɓe 176,846 a cikin mazaɓu 8,809 da ƙananan hukumomi 774. Da da hannu ake yi, da aikin ya ci watanni, kuma da kurakurai sun yi masa katutu. Abin da masu tsara manhaja ke yi shi ne su ƙera layi guda ɗaya tak, su bar gurabe a cikinsa, sannan su umarci kwamfuta ta maimaita shi sau adadin bayanan da ke cikin rumbun ajiya.

Wannan dabara ita ce ƙashin bayan kusan dukkan manyan shafukan intanet, kama daga jerin labarai a shafin jarida, zuwa sakamakon jarrabawar JAMB, zuwa bayanin shige da ficen kuɗi a manhajar banki. Kuma kamar yadda zaɓen na 2023 ya nuna, inda ƙarfinta yake nan ne hatsarinta yake: abin da aka rubuta sau ɗaya aka maimaita sau dubu, idan da aibi a cikinsa, aibin ma sau dubu zai fito.

Mene ne samfuri?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce a dubi takardar sakamakon kanta, wadda INEC ke kira fom EC8A. A maɗaba'a ana buga ta ne da kanun rubutu da layuka da akwatuna, amma babu alƙaluma. Akwai gurbin sunan jiha, da na ƙaramar hukuma, da na rumfa, da na yawan ƙuri'un kowace jam'iyya, da wurin sa hannu. Jami'in da ke kula da rumfa shi ne zai cike guraben bayan an kammala ƙidaya. Siffar takardar ta maɗaba'a ce, abin da ke cikinta kuwa na rumfar ne.

Samfuri a shafin intanet haka yake. Ɗan gajeren rubutu ne cikin harshen HTML, wanda da shi ake bayyana wa burauza yadda shafi zai kasance, amma an bar wurare a cikinsa da alamar da ke cewa: a nan za a sa suna, a nan lamba, a nan hoto. Su kuma bayanan suna can a rumbun ajiya, ba su san launi ko girman rubutu ba. Sai a lokacin da mai karatu ya nemi shafin ne kwamfuta ke haɗa biyun.

Tsakanin samfurin da bayanan akwai wani abu na uku, wato ɗan ɓangaren manhajar da ke aikin maimaitawa. Shi bai damu da ko rumfunan zaɓe aka ba shi ko sunayen ɗalibai ko farashin masara a kasuwanni ba. Aikinsa shi ne ya karɓi jeri da samfuri, ya bi jerin daga farko zuwa ƙarshe, ya fitar da kwafin samfurin ga kowane abu da ke ciki. Ya yi kama da akwatin ƙarfen da mai buga bulo ke aiki da shi: an ƙera shi sau ɗaya, yau a cika shi a wannan fili, gobe a ɗauke shi zuwa wani gini. Saboda haka ne ake cewa ɓangare ne da ake iya sake amfani da shi.

Yadda aka faro

A farkon shekarun 1990, bayan da Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janiba, kowane shafi fayil ne da ake rubutawa da hannu. Mai jerin abubuwa 50 sai ya rubuta layi 50, kuma idan ya so sauya launi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, a ƙarshen 1996 kuma kamfanin Microsoft ya fitar da ASP. Dukkansu sun bai wa mai tsara shafi damar cusa umarni a tsakiyar rubutun HTML, ya ce wa kwamfuta ta ɗauko bayanai ta yi ta maimaita layi har su ƙare. An samu sauƙi matuƙa, sai dai wata matsalar ta kunno kai. Umarnin ɗauko bayanai da na tsara kamannin shafi sun cakuɗe a wuri guda. Mai son gyara launi kan iya ɓata lissafi bai sani ba, kuma idan ana bukatar irin wannan jeri a shafi goma, sai a kwafe rubutun sau goma. Ranar da aka gano kuskure, sai an tuna da dukkan wurare goman.

A 2002 Microsoft ya fitar da ASP.NET, kuma a cikinsa akwai wani ɓangare da aka laƙaba wa suna Repeater, wato mai maimaitawa. Wannan ɓangare ba shi da wata siffa tasa ta kansa ko kaɗan. Mai tsara shafi ne ke ba shi samfura, har iri biyar: na kai, wanda ke fitowa sau ɗaya a sama, na jiki, wanda ake maimaita wa kowane abu, na bi-da-bi, domin layi na biyu da na huɗu da na shida su bambanta da na ɗaya da na uku ta yadda ido ba zai ɓace ba, na tsakani, wanda ke raba layi da layi, sai na ƙasa, mai rufe jerin.

Kazalika kamfanin ya buɗe wa masu tsara manhaja ƙofar ƙera nasu ɓangarorin a kan wannan ƙa'ida. Ma'aikata ko banki na iya gina jeri ɗaya mai shafi-shafi, mai akwatin bincike, a miƙa shi ga dukkan sassanta, kowane sashe ya sa nasa samfurin.

Matakan da kwamfuta ke bi

Duk da cewa sunaye sun bambanta daga wannan manhaja zuwa waccan, matakan kusan iri ɗaya ne.

Da farko ɓangaren zai karɓi jerin bayanai, misali rumfunan mazaɓar Tabanni. Na biyu, ga kowace rumfa zai buɗe wani ƙaramin mazubi na musamman. Na uku, zai zuba kwafin samfurin a cikin mazubin. Na huɗu, zai cike guraben da bayanan wannan rumfa kaɗai, matakin da masana ke kira ɗaure bayanai. Daga ƙarshe sai a jera mazuban, a mai da su rubutun HTML, a aika wa wayar mai karatu.

Mazubin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan a samfuri akwai maɓallin "duba sakamako", to bayan maimaitawa za a samu maɓallai da dama masu suna ɗaya a shafi guda. Mazubin ne ke ƙara wa kowanne wata alama, ta yadda idan an danna na rumfa ta bakwai kwamfuta ba za ta buɗe na ta takwas ba.

Ana kuma iya sa mai maimaitawa a cikin mai maimaitawa. Samfurin jiha yana ɗauke da jerin ƙananan hukumomi, na ƙaramar hukuma yana ɗauke da jerin mazaɓu, na mazaɓa yana ɗauke da jerin rumfuna. Da samfura huɗu kacal ake iya nuna ƙasar baki ɗaya, daga ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna zuwa 44 na jihar Kano.

A shekarun da suka biyo baya aikin ya ƙaura daga babbar kwamfutar da ke ajiye shafi zuwa cikin burauzar mai karatu. Kamfanin Google ya fitar da AngularJS a 2010, Facebook ya saki React ga jama'a a 2013, Evan You kuma ya fitar da Vue a 2014. Shi kansa Microsoft bai ɗauki tsohon tsarin da Repeater ke ciki ba lokacin da ya sake gina manhajarsa a 2016, amma ya maido da dabarar a sabon tsarinsa na Blazor. Kayan aiki sun sauya, ƙa'idar tana nan daram: jeri, samfuri, da mai haɗa su.

Suna ba ya wadatarwa

Darasi na farko da masu wannan sana'a ke koya shi ne cewa wajibi ne kowane abu a cikin jeri ya kasance da shaidar da ta keɓanta da shi. Suna kaɗai ba ya yi. A ƙaramar hukumar Birnin Gwari mazaɓu uku ne ke amsa sunan Magajin Gari, sai da lamba ake bambanta su. Akwai Tudun Wada a Kaduna, akwai ta a Zariya, a jihar Kano ma ƙaramar hukuma ce sukutum. Ballantana Sabon Gari da Unguwar Sarki da Ƙofar Fada, waɗanda da wuya a samu garin da babu su.

Saboda haka INEC ta bai wa kowace rumfa lamba mai gaɓa huɗu: ta jiha, ta ƙaramar hukuma, ta mazaɓa, da ta rumfar kanta. Jihar Kaduna ce ta 18 a jerin hukumar, Birnin Gwari kuma ta 01 a cikin jihar, don haka lambar kowace rumfa a Tabanni da waɗannan biyun take farawa.

Manhajar React ta mai da wannan ƙa'ida sharaɗi, har takan yi gargaɗi idan aka ba ta jeri babu mabuɗin da ke bambanta abubuwan da ke ciki. Wasu masu koyo kan yi amfani da matsayin abu a jeri, na ɗaya, na biyu, na uku, a matsayin mabuɗi. Muddin jerin bai motsa ba babu matsala. Amma da zarar an cire wani abu daga tsakiya ko an sake jerawa, sai abin da aka rubuta a akwatin wani ya koma gaban sunan wani. A jerin hotunan biki wannan abin dariya ne. A jerin majinyata ko masu karɓar tallafi ko ƙuri'u, magana ce babba.

Abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairu

Darasi na biyu ya fi na farko tsada, kuma Nijeriya ta gan shi da idonta.

An fara amfani da IReV ne a watan Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a majalisar dokokin jihar Nasarawa. Daga nan aka yi aiki da shi a zaɓukan gwamnoni na Edo da Ondo a 2020, da Anambra a 2021, da Ekiti da Osun a 2022. A duk waɗannan, jami'an rumfa sun ɗauki hoton takardar sakamako sun aika, jama'a kuma suka gani. Wannan ne ya sa mutane da dama suka amince da alƙawarin shugaban hukumar na wancan lokaci, Farfesa Mahmood Yakubu, cewa a zaɓen 2023 za a riƙa ganin sakamakon rumfuna tun ranar zaɓe ta hanyar na'urar BVAS.

Ranar Asabar 25 ga watan Fabrairun 2023 aka yi zaɓuka uku a lokaci guda: na shugaban ƙasa, na 'yan majalisar dattawa da na 'yan majalisar wakilai. Da yamma sakamakon 'yan majalisa ya fara hawa shafin, amma na shugaban ƙasa ya ƙi. Na'ura ɗaya, jami'i ɗaya, rumfa ɗaya, takarda biyu sun shige ta uku ta cije.

A rahoton da ta fitar a watan Fabrairun 2024, INEC ta ce matsalar daga tsarin manhajar take. A cewarta, an shigar da zaɓuka 470 cikin rumbun bayanai: mazaɓun sanata 109, na 'yan majalisar wakilai 360, da na shugaban ƙasa guda. Manhajar tana jera hotunan da aka aiko ne cikin jakunkunan ajiya, jaka a cikin jaka, kuma jakar farko ita ce ta jihar da zaɓen ya shafa.

Idan aka ɗauki Tabanni a matsayin misali, sakamakon sanata na mazaɓar Kaduna ta Tsakiya ne, wadda ke cikin jihar Kaduna. Na ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Birnin Gwari da Giwa ne, ita ma a jihar Kaduna. Amma mazaɓar shugaban ƙasa ita ce Nijeriya baki ɗaya, ba a jingina ta da wata jiha ba. Da manhajar ta nemi jihar da za ta buɗe wa jaka ta rasa, sai ta tsaya cak, ta mayar da saƙon kuskure. Hukumar ta ce sai da misalin ƙarfe 8:55 na dare, bayan gyare-gyaren gaggawa, takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta hau shafin.

Ko da wace irin manhaja aka gina tsari, irin wannan kuskure sananne ne ga masu sana'ar. An ƙera abu a kan wani zato da ba a rubuta ba, wato cewa kowane zaɓe yana da jiha. Zaton ya yi daidai a dukkan zaɓukan da aka yi a baya, ya kuma yi daidai a 469 daga cikin 470 na wannan rana. Ɗayan da ya saɓa shi ne wanda idon duniya ke kansa. Kuma da yake hanya ɗaya ce dukkan rumfuna ke bi, sai matsalar ta same su gaba ɗaya a lokaci guda.

Ba kowa ne ya gamsu da wannan bayani ba. Jam'iyyar PDP ta Atiku Abubakar da ta Labour ta Peter Obi sun yi zargin cewa da gangan aka jinkirta domin a samu damar sauya alƙaluma, zargin da hukumar ta musanta. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai ta ce lamarin ya rage amincewar jama'a da zaɓen. A ranar 26 ga watan Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Bola Ahmed Tinubu, tana mai cewa IReV shafi ne na nuna wa jama'a sakamako, kuma rashin ɗora takardu a kansa bai isa dalilin soke zaɓe ba. Shari'a ta ƙare a nan, amma muhawarar ta ci gaba a tsakanin 'yan ƙasa.

Abubuwan da ke karya samfuri

Ƙwararru a wannan fanni kan shawarci mai ƙera ɓangaren da za a sake amfani da shi da ya fi ba da ƙarfi wajen gwada shi da abubuwan da ba a saba gani ba, domin na yau da kullum ba su cika ba da wahala ba.

Na farko shi ne jeri maras komai. Gabanin zaɓen 2023 INEC ta bayyana cewa akwai rumfuna 240 da ba su da ko mutum ɗaya mai rajista, don haka ba a yi zaɓe a cikinsu ba. Shafin da bai yi tanadin irin wannan ba zai nuna fili fayau, mai karatu kuma ba zai san ko babu bayani ne ko shafin ne ya lalace ba. Repeater na asali ba shi da samfurin da ke fitowa idan jeri ya zo wayam, sai a ɓangarorin da Microsoft ya fitar daga baya, a 2005 da 2007, aka tanade shi.

Na biyu shi ne haruffa. Sunaye irin su Jema'a, wadda ƙaramar hukuma ce a kudancin Kaduna, ko Sa'idu ko Mu'azu, suna ɗauke da alamar da harsunan kwamfuta da dama ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Idan aka cusa irin wannan suna kai tsaye cikin umarni ba tare da an tace shi ba, umarnin kan tsinke a tsakiya. Ta wannan kafa ce ma masu kutse ke shigar da nasu umarnin. Haka nan haruffan Hausa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kan rikiɗe su koma alamar tambaya ko ɗan akwati idan rumbun bayanai da shafin ba su yi ittifaƙi a kan tsarin Unicode ba.

Na uku shi ne nauyi. Duk abin da aka ƙara a samfuri ana ninka shi sau adadin layuka. Tsohon tsarin ASP.NET yana ɓoye bayanan halin da shafi ke ciki a cikin shafin kansa domin ya iya sake gina jerin idan an danna maɓalli, kuma a dogon jeri wannan ɓoyayyen kaya kan yi nauyi ƙwarai. Mai zaune a ofis a Abuja ba zai lura ba. Wanda ke ƙauye da ƙaramar waya, yana lissafin kuɗin data, shi ne zai biya. Maganin da aka saba da shi shi ne a rarraba jeri shafi-shafi, a kuma jinkirta ɗauko hoto sai an neme shi.

Na huɗu kuwa iyakar dabarar ce baki ɗaya. Samfuri yana tabbatar da cewa kowace rumfa ta samu gurbi, amma ba ya duba abin da aka zuba a gurbin. Masu ƙara a shari'ar 2023 sun yi ƙorafin cewa dubban hotunan da aka ɗora sun fito dushi-dushi, ba a iya karanta su. A wurin kwamfuta gurbi ya cika. A wurin mai neman sanin ƙuri'un rumfarsa kuwa, babu abin da ya samu.

Inda babu sabis

Yankin Birnin Gwari yana ƙara wa wannan batu wani ɓangare. Shekaru da dama hare-haren 'yan bindiga daga dazuzzukan yankin, ciki har da na Kamuku, sun raba ƙauyuka da mutanensu, sun kuma sa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu yankuna, har da wannan, a wani mataki na tsaro, ba a kuma maido da su ba sai a ƙarshen Nuwamba. Tsarin da ya dogara da cewa waya za ta riƙa magana da babbar kwamfuta a kowane daƙiƙa ba zai yi aiki a irin wannan wuri ba.

Wannan ne ya sa ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji suka rungumi manhajoji irin su ODK, wadda aka fara ƙerawa a Jami'ar Washington ta Amurka a 2008, da kuma KoboToolbox. A nan ana sauke samfurin tambayoyi a cikin waya tun kafin a bar gari. Idan ma'aikaci ya shiga gida, akwai rukunin tambayoyi da ake maimaita wa kowane yaro: suna, shekaru, ko an yi masa rigakafi. Gida mai yara biyu a maimaita sau biyu, gida mai 15 a maimaita sau 15. Wanda ya tsara fom ɗin bai san adadin ba, kuma ba ya bukatar sani. Wayar za ta adana amsoshi har sai an iso inda akwai sabis ta aika.

Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun yi amfani da ODK wajen sa ido a yaƙi da cutar shan inna a Nijeriya, yaƙin da ya kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ranar 25 ga watan Agustan 2020. Ita ma na'urar BVAS an tsara ta ne ta riƙe hoton sakamako idan babu sabis, ta aika daga baya.

Ga matasan da ke koyon wannan sana'a a Kano da Zariya da Kaduna, rubuta mai maimaitawa ba ya wuce 'yan layuka, kuma ana koyonsa tun a makonnin farko. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sabawa da tambayoyin da ya kamata a yi kafin a miƙa shi ga jama'a: me zai faru idan jerin ya zo babu komai, idan sunaye biyu suka zo iri ɗaya, idan sabis ya yanke ana tsakiyar aikawa, kuma wane abu ne a cikin jerin bai yi kama da sauran ba. A zaɓen 2023 amsar tambaya ta ƙarshe tana nan a rubuce cikin kundin tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 132 nasa ya ce a zaɓen shugaban ƙasa ana ɗaukar tarayyar baki ɗaya a matsayin mazaɓa guda.